Rahoton ayyukan shekarar 2024 daga teburin sakatare

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga rahoton shekara na ƙungiyarmu ta masu sha'awar haɗa rediyo da magana ta iska, ya makara da sati uku, na sani, ba sai an sake tuna min a guruf ba. Littafin kuɗi ne ya riƙe ni, tunda Ma'aji ya koma Abuja da aiki ni ne sakatare ni ne kuma mai bin bashi, sai da na zauna na bi alat ɗaya bayan ɗaya don kar in ɗora wa wani bashin da ya riga ya biya.

Mu fara da abin da ba a son ji. Mu 27 ne a rajista. Mutum 8 ne suka biya kuɗin wata-wata cikakke, 5 suka biya rabi ko ƙasa da haka, sauran kam ko sisi, kuma naira dubu ɗaya ce a wata, ko litar fetur ba ta saya a lokacin. Abin da ya fi ci min rai, cikin waɗanda ba su biya ɗin akwai masu zuwa aron NanoVNA (na'urar auna eriya) da ayon ɗin narka dalma na ƙungiya, akwai wanda in na kira shi kan kuɗi wayarsa ba ta shiga amma ranar da akwatin rediyonsa ya daina fitar da wuta shi ya kira ni sha ɗayan dare. Ban kama suna ba, mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Taron wata mun yi tara cikin sha biyu, na azumi da na Agusta lokacin dokar hana fita da na Disamba ne ba a yi ba.

Sai maganar uBITX ɗin ƙungiya, akwatin rediyonmu mai aikawa da karɓa, wanda ake ta tambaya wai me ya sa ya kwana wata huɗu a buɗe kan tebur. Ga yadda aka yi. A watan biyu wani ɗan uwa ya ara, ya dawo da shi yana karɓa lafiya amma ko wat ɗaya ba ya fitarwa, da muka buɗe taransista IRF510 guda biyun nan na ƙarshe masu fitar da wuta duk sun tafi, ɗayan har ya tsage. Ya ce shi dai ya ga ƙarfen sanyayawar yana zafi ne sai ya ce bari ya rage bayas, wato wutar da taransistan ke ja in ba a magana. Toh a nan gizo ke saƙar, RV2 da RV3, maɓallan saita bayas na wannan akwatin, a juye suke, ba kamar maɓallin ƙarar rediyo ba, in ka murɗa su dama har ƙarshe shi ne ka rage, in ka yi hagu ƙarawa kake yi. Shi ya yi hagu yana zaton ragewa yake, ba mitar awo a layin wuta, ba domi lod (rasistar da ake sawa a madadin eriya lokacin gwaji), eriyar ma wayar da ya rataya a kwanon gidansa ce wadda ba wanda ya taɓa auna SWR ɗinta, wato yawan wutar da take mayarwa gida. Yadda ake yi kuma mun sha faɗa: ka mayar da su biyun dama gaba ɗaya, ka sa mita a layin batir, ka danna PTT, maɓallin magana, ba tare da ka yi magana ba, ka rubuta abin da yake ja, sannan ka murɗa na farko a hankali har ya ƙaru da miliam 100, na biyu ma haka. Minti biyar ne aikin.

Abin da ya ja mana wata huɗun shi ne kayan gyara. Na farko da muka saya a kasuwa rubutun jikinsu IRF510 ne amma Allah kaɗai ya san abin da ke ciki, muna kai bayas wajen miliam 60 sai allura ta ruga da kanta, fiyus ya tsinke. Sau biyu haka. Aka ce a yi oda daga waje, daidai lokacin da dala ta haura naira 1,500, asusu kuma kun ji yadda yake, to da me zan yi odar, da fatar baki? Alhaji Shugaba ne ya ciro daga aljihunsa, Allah ya saka masa da alheri, har yau ba a mayar masa ba. A tsakanin nan akwai masu cewa a cire IRF510 kwata-kwata a sa RD16HHF1 na Mitsubishi tunda shi don rediyo aka ƙera shi, IRF510 kuwa asalinsa na kunna wuta da kashewa ne shi ya sa akwatin ke ba da wajen wat 10 a zangon mita 40 amma kafin ka kai mita 10 ya zube zuwa uku ko huɗu. Gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai ƙafafunsu ba ɗaya ba ne, na RD16 ƙafar tsakiya da bayansa sos ne, na IRF510 diren ne, sai an sarƙe ƙafafu an kuma taɓa taransifomar fita, ga tsada, ga shi jabunsa ya fi na IRF510 yawa. Kwamiti ya ce a bar wa Ashhar Farhan, wanda ya ƙirƙiro uBITX, tsarinsa yadda ya zana shi. Kuma tunda maganar ta zo, ƙarfen sanyayawar IRF510 akwai wutar batir a jikinsa, duk wanda ya buɗe akwatin ya kula kar ya taɓa gwangwanin. Na ƙara masa dayod da fiyus a mashigar wuta sabida masu juya jan waya da baƙa, na kuma ɗiga jan farce a kan RV2 da RV3, in na ga fentin ya fashe na san an taɓa.

Amfilifaya kuwa ba a gama ba, kuma ba zan ɓoye ba ni ne na hana a kunna shi a iska. Kit ɗin nan na Sin ne mai IRF530 biyu da aka rubuta wa wat 70, an haɗa shi tun watan biyar, a domi lod yana aiki. Amma ba shi da matata a bayansa ko ɗaya. In ka tura masa megahaz 7 ba ita kaɗai yake fitarwa ba, har da ninkinta, musamman ninki uku wanda ke faɗawa kan 21, wato kana hira a mita 40 kana zuba wa mutanen mita 15 shara da lambar kiranka ta 5N, alamar Najeriya, a jiki, mu da ba mu da yawa a iska kowa ya san daga inda ta fito. Matatar tana son zoben T50 da kafasita masu jure wuta, ba irin na cikin tsohuwar talabijin ba, mutum uku suka ɗauki alkawarin naɗa koyil, ɗaya ne ya kawo nasa. Masu cewa a kunna haka nan ai ba wanda zai sani, ku yi lissafi, daga wat 5 zuwa 20 maki ɗaya tak kake ƙaruwa a mitar S, ma'aunin ƙarfin sigina, ta wanda ke jin ka, zuwa 50 ma bai cika maki biyu ba. Wanda eriyarsa ke mayar masa da rabin wutarsa gida ba amfilifaya ne ciwonsa ba.

Domi lod dai mun gama, rasista 20 masu om dubu-dubu a jere kafaɗa da kafaɗa suka ba da om 50, muka nutsa su cikin gwangwanin madara da mai. Yana nan ofis, ba a fita da shi.

Yanzu abin daɗi. JOTA, 19 ga Oktoba, ranar Asabar. Wanda bai zo ba wallahi ya yi asara, kuma ba zan gaji da faɗa ba. Tun 1958 'yan sikawut na duniya ke wannan haɗuwa ta iska, yanzu duk ƙarshen sati na uku na Oktoba ake yi, mu sai bana muka samu shiga da yara a gabanmu. Mu bakwai muka isa filin makarantar bayan asuba da uBITX ɗin da aka gyara, batirin mota ɗaya, gora biyu da igiya. Muka ɗaure eriyar mita 20 daga darbejiya zuwa gora, kowane hannu mita biyar da 'yan kai, ta mita 10 kuma hannu mita biyu da rabi muka rataye ta a gora ta biyu. Muna kunnawa sai ƙara, shhhh har S9, ko tasha ɗaya ba a ji, yara sun fi arba'in sun zagaye mu da jan ƙyalle a wuya suna kallo, malaminsu yana duba agogo, ni kuwa gumi har cikin takalmi. Har na fara zargin gyaran da muka yi. Malam mai gyaran talabijin, wanda ba ya yawan magana a taro, shi ya cire eriya ya ji ƙarar ta ɗauke, ya ce toh ba daga akwati ba ne, ya ɗauki ƙaramar rediyonsa mai gajeren zango ya shiga zagaya makarantar kamar mai neman ɓatacciyar akuya, sai ga shi ya tsaya a bayan ofis inda inbatar sola take. Aka roƙi mai gadi ya kashe ta. Nan take ƙarar ta faɗi, muryoyi suka fito tar a megahaz 14.290.

Matsala ta biyu da muka koma mita 10, da an danna PTT sai muryar ta dinga kakkarye, wutar rediyo ce ke biyo bayan kebul tana dawowa cikin makirfo. Muka naɗe kebul ɗin zagaye shida a jikin robar ruwa daf da eriya, muka ɓalle zoben ferait daga wayar tsohuwar kwamfuta muka maƙala a wayar makirfo, shi ke nan ta washe.

Wajen sha ɗaya da rabi mita 10 ta buɗe, dama a 2024 rana tana kan ganiyar zagayenta na shekara 11, duk mai kunna rediyo ya ga yadda manyan mitoci suka yi kyau. Alhaji Shugaba ya yi kira a 28.390 da wat huɗun nan da ake rainawa, kira na uku wani daga Italiya ya amsa, ya maimaita 5N ɗin sau biyu kamar bai yarda ba, ya ba mu 55, wato yana jin mu sarai da matsakaicin ƙarfi. Da aka faɗa masa wat nawa ne sai da ya yi dariya. Alhaji ya miƙa wa wani yaro ɗan aji biyu makirfo, hannunsa na rawa, ya faɗi sunansa da garinsu da Turancinsa na makaranta, ya manta bai saki maɓalli ba sai da aka zare masa yatsa, da mutumin ya kira sunansa daga cikin lasifika filin nan gaba ɗaya ya kaure da ihu har mai gadi ya taho da gudu. Daga nan Sifen, sai Jamus, sai wata tashar 'yan sikawut a Ingila inda yara suka yi magana da yara. Tasha 14 muka rubuta a littafi kafin la'asar, batirin bai ko nuna gajiya ba. Matar Alhaji ta aiko da shinkafa da wake da zoɓo, ita ma a gaya mata mun gode. Kwana biyu bayan nan Arewa ta faɗa duhun nan na fiye da mako, muna ta cewa da a lokacin aka yi da ko ƙarar inbata ɗaya sai ta janareto.

Yara shida sun ce suna son koyo. Mun saya musu Pixie biyu, ƙananan kit na rediyo, mun san halinta, kiristal ɗaya ce a 7.023 kuma da dare tashoshin watsa labarai take kwasowa, amma don koyon riƙe ayon da dalma ta isa. Rediyon QCX ɗin da ƙaramin cikinmu ya haɗa ma ya tashi, sati uku yana neman laifi a taransista BS170 ashe fentin wayar taransifoma T1 ne bai kankare ba, dalma ta hau ta zauna kyakkyawa a ido amma ba ta kama tagulla ba. Yanzu Mos ya rage masa, wato aika saƙo da ɗigo da ja, ajin Mos ɗin da aka ce za a fara tun bara kuwa mutum biyu ne suka zo ranar farko, malamin ya yi fushi, ban ga laifinsa ba.

Masu dogayen wayoyi, hunturu ya shigo, iskar nan mai ƙura tana tara wuta a eriya har ka ji tas-tas a bakin kebul, ku sa rasista mai om dubu 100 daga eriya zuwa ƙasa, in kun gama aiki ku zare kebul ɗin. Masu maganar lasisi ku kawo takardunku a haɗa a tura tare, mutum huɗu na ce, ɗaya ne ya kawo hoto.

Taro na gaba Asabar ta biyu ga wata bayan la'asar, wurin da aka saba. Za a zaɓi sabon Ma'aji, ni kam na sauke wannan kayan, sakatarancin ma in akwai mai so bismillah. Wanda NanoVNA ke hannunsa tun watan tara ya taho da ita har da ƙananan kawunan gwajinta guda uku, masu koyil biyun nan ku kawo ko a naɗe ko zoben haka nan, a fara biyan Alhaji kuɗinsa kafin a yi maganar sayen wani abu.

73 (gaisuwar sallama ta 'yan rediyo), Sakatare.