Wasiƙa zuwa ga aminina: ta ruwa ko ta tudu?

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, iyali ma duk suna lafiya. Saƙonka ya iso, kuma sai da na yi dariya. Wai kai da ka sha tsallaka ƙasashe, yau 'yar tafiyar da ba ta kai kilomita 200 ba ce ta hana ka sukuni. Ka ce garin da kake da wanda za ka je duk a bakin teku suke, ga jirgin sama, ga na ruwa, ga na ƙasa, ga bas, ka rasa wanda za ka hau.

Jirgin sama dai ka fara ajiye shi gefe. Lokacin da ake rubutawa a jikin tikiti na zaman cikin jirgi ne kawai, ba a saka maka hanyar filin jirgi ba, da layin bincike, da jiran kaya bayan an sauka. Dubi birnin Darussalam da tsibirin Zanzibar a Tanzaniya: a sama kamar minti 20 ne, a jirgin ruwa mai gudu kuwa kusan awa 2. Amma na ruwan daga tsakiyar gari yake tashi, ya sauke ka a bakin tsohon garin Zanzibar. In ka ƙirga tun daga ƙofar masaukinka har ƙofar inda za ka, sai ka ga tazarar ta kusa ɓacewa. Sauri ya haifi nawa ke nan. Faransa ma a 2023 ta hana wasu jirage na cikin gida tashi a hanyoyin da jirgin ƙasa ke kai mutum cikin ƙasa da awa biyu da rabi.

Sai ka buɗe taswira ka duba abu ɗaya: tekun a gefen garuruwan yake, ko a tsakaninsu? In a tsakani yake, magana ta ƙare. Helsinki ta ƙasar Finland da Tallinn ta ƙasar Estoniya kilomita 80 ne kacal ta ruwa, awa 2 a jirgi, alhali mai bin tudu sai ya zagaya ta Rasha. In kuwa gaɓa ɗaya suke bi, kamar Kasablanka da Rabat a Maroko, inda jirgin ƙasa ke yin kamar awa guda, to ka sayi tikitin jirgin ƙasa ka huta. Yadda ka kwatanta mini, naka irin na biyun ne.

Bas ba laifi in aljihu ya yi sanyi, sai dai hanyar bakin teku tana da halinta. Kowane kogi a nan yake faɗawa teku, kowane kogi da gadarsa, kuma duk motocin a kan gadar za su taru. Ga tireloli masu ɗauko kwantena daga tashar jiragen ruwa. Mota ɗaya ta lalace a kan gada, ranar ta tafi.

Na san dai zuciyarka na ga jirgin ruwa, tun da ka ambace shi sau uku a saƙo ɗaya. Ban hana ka ba, amma bari in ba ka labarina. Ranar da na fara hawa, da ɗoki na haye can sama, na samu kujerar gaba, na ciro waya ina karatu. Ba mu yi rabin awa ba iska ta taso, jirgi ya soma ɗagawa yana faɗuwa, cikina ya juya, gumi ya karyo mini. Sauran ba sai na faɗa ba, leda dai ta yi aikinta. Daga baya na gane dalili: cikin kunne yana jin ana jijjiga ka, ido kuma yana kan waya yana cewa a zaune kake, ƙwaƙwalwa ta rikice, sai jiri da tashin zuciya. Saboda haka ka zauna a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa, nan ne motsi ya fi sauƙi. Ka ajiye waya, ka kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa. In za ka sha maganin hana amai, tun kafin a tashi ake sha, kuma wasunsu na sa barci. Da safe teku ya kan fi kwanciya a wurare da yawa, don iska ta fi ƙarfi bayan rana ta take.

Abin da ya fi amai muhimmanci shi ne, jirgin ruwa ba ya da alkawari. Igiyar ruwa ta yi ƙarfi, a soke tafiya, ba wanda za ka kama. Kada ka ɗora ganawar da ta kai ka garin a kansa. Kuma don Allah, in ka ga an cika jirgi fiye da kima, ko ba ka ga rigunan da ke hana nutsewa ba, ka sauko ko da kuɗin tikitin zai salwanta.

Ni da ni ne, sai in tafi a jirgin ƙasa in gama abin da ya kai ni, in dawo ta ruwa ranar da ba mai jirana. Ka riƙe katin shaidarka a aljihu, don a kan nema a wasu tashoshin ruwa ko da ba a fita ƙasa ba.

In ka isa ka turo mini hoton tashar, in ga ko fuskarka ta fi tawa kyan gani a ranar. Ka gaida mini uwargida da yara, mutanen nan duk suna gaishe ka. Allah ya kiyaye hanya.

Naka har kullum,
Amininka