Babur ɗin mai bishararmu ya kwanta, ga damina a bakin ƙofa

'Yan'uwa cikin Kristi, iyayenmu maza da mata, salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu.

Duk wanda ya zaga bayan majami'a ranar Lahadi ya ga babur ɗin nan jingine da bangon ɗakin makarantar yara. Tayar baya ta suɗe har zare ya fito, an ɗaure kariya da robar tsohon tif, baƙin mai yana ta ɗiga a ƙasa. Bakanike ya buɗe inji, ya girgiza kai, ya ce a daina wahalar da kai. Da wannan ne muka aiki mai bishararmu ƙauyuka. Tun kafin Ista bai fita ko'ina ba.

Sababbin zuwa ba su san labarin mai bishararmu da matarsa ba, waɗanda muke kira Baba da Mama, bari mu ɗan taɓa. Daga ƙasar Michika suke. Da garin ya faɗa hannun Boko Haram a watan Satumba na 2014, kan duwatsu suka hau da yara, suka bar gonar dawa ta kusa nuna, suka bar keken ɗinkin da Baba yake ciyar da gida da shi. Suka samu mafaka a Mubi. Ba su gama shan ruwa ba, ƙarshen Oktoba Mubi ma ta faɗi, har hedkwatar ikilisiyarmu ta EYN da ke Kwarhi ba ta tsira ba. Gudu na biyu da ƙafa suka yi shi ta cikin daji. Ranar da suka iso nan Jimeta, Mama tana riƙe da jaka ɗaya, a ciki akwai zani biyu, kofin roba, da Littafi Mai Tsarki da ruwa ya kumbura shi. A cikin ɗakin nan da babur yake jingine a yau suka kwana wata da watanni, kan bencin yara.

Ba za mu yi wa labarin kwalliya ba, don shi kansa ba ya ɓoyewa in ya tashi ba da shaida. Baba ya yi fushi da Allah. Ƙanensa bai fito daga dajin ba. Ya daina shiga sujada alhali a harabar majami'a yake kwana. Da an fara waƙa sai ya fita waje ya zauna gindin dogon yaro. Mama ce ta riƙe gidan, da sana'ar kunun gyaɗa da kuma addu'a. Ranar Zumuntar Mata ita ke buga tulu, hawaye na zuba, hannu bai tsaya ba. Wata rana ta ja shi ya raka ta sansanin Malkohi gaida wata tsohuwa 'yar garinsu da ke kwance. Tsohuwar ta miƙa masa littafi ta ce, “Ɗana, idona ya mutu, karanta mini.” Ya karanta. Washegari da kansa ya koma.

Da mutane suka fara komawa gida, suka tarar da majami'u a ƙone, makiyaya sun watse. Baba ya ce zai bi su. Tun daga lokacin hanyarsa ke nan: Girei, Song, Gombi, ya ratse ƙauyukan Hong da na wajen Garkida. Mama a baya da buhun littattafan waƙoƙi a cinya. Shi yana koyarwa yana shirya masu neman baftisma, ita tana zama da gwauraye tana koya wa mata karatun Hausa. Akwai inda taron duka bai cika tabarma uku ba, a inuwar itace suke sujada. Kada wanda ya raina wannan. A gindin tsamiya aka yi sujadar farko ta ikilisiyarmu a Garkida a 1923, ga shi har mun ga shekara ɗari.

Yanzu kuwa waya kawai ake bugo masa: “Baba, yaushe za ka zo?” Ya gwada shiga motar haya, ta sauke shi bakin titi, ya taka sauran da ƙafa, ya dawo gwiwa a kumbure. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma. In ruwa ya sauka, rafuka suka kawo, wasu ƙauyukan sai kaka.

To, 'yan'uwa, a nan za mu ɗan yi magana ta cikin gida. Ranar godiyar kaka ta bara mun sanar da wannan bukata. Hannuwa sun tashi, an tafa, an rubuta alkawari shafi guda cur. Littafin yana wurin ma'aji, mafi yawan layukan har yau babu alamar biya. Ba za mu kira suna ba, kowa ya san kansa. Amma akwai wata uwa gwauruwa mai tuyar ƙosai a bakin layi, ba ta ɗaga hannu ranar ba, ba ta rubuta komai ba. Duk ƙarshen wata sai ta kwance bakin zani ta ba ma'aji abin da ta tara, ta ce, “Na man Baba ne.” Matasa ma sun yi ƙoƙari, su suka sayi taya a bara. Zumuntar Mata kuwa ba mu da bakin gode musu. Allah ya sāka, ya mayar muku a ninke. Mu masu albashi da masu shago fa, ina muka shiga? Manzo Yahaya ya yaba wa Gayus don ya tallafa wa 'yan'uwan da suka fita saboda Sunan nan, ya kuma ambaci wani Diyotarifis da ya ƙi karɓarsu. Kowa ya duba da wanne ya yi kama.

Abin da muke nema sabon babur ne mai jure hanyar karkara, da rigar ruwa biyu, da ɗan abin zuba mai na watannin damina. Abin da ke hannu bai kai rabi ba. Mai kuɗi ya kawo kuɗi, mai hatsi ya kawo mudu za mu sayar. 'Ya'yanmu da ke Abuja, Jos da Legas, ku ma da ku muke. Ku kira sakataren ikilisiya zai nuna muku yadda za ku aiko. Masu tsohon alkawari kuma, ƙofa a buɗe take, ba wanda zai tambaye ku dalilin jinkiri.

Ma'aji zai zauna da littafin a bakin ƙofar gabas bayan sujadar Hausa da ta Turanci, wannan Lahadi da mai zuwa. Kafin ku iso wurinsa, ku bi ta bayan majami'a ku ga babur ɗin da idonku.

Naku cikin hidimarsa,
Kwamitin Bishara