Ummi, Ki Tashi Daga Katifar Nan

Ƙofar Gayan,
Birnin Zariya.

Assalamu alaikum Ummi,

Bayan gaisuwa, ya ƙarfin jiki, ya maigidan naki da Walid? Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara kankama.

Za ki ce me ya hana ni kira. Sau nawa na kira? Kullum "Umma da sauƙi", da muryar nan ta wanda ke kwance. Shi ya sa na ɗauko biro, don takarda ba a sallamarta da "da sauƙi".

Hadiza ta dawo ran Lahadi. Ba ta so ta faɗa ba, ni na matsa mata, saboda haka kada ki huce a kanta. Ta ce kwana tara da ta yi a Kaduna ba ta ga kin sauko daga benen nan ba ko sau ɗaya. Da kin yi cokali uku sai ki koma katifa ki dunƙule. Salla ma a zaune. Ta ce ƙwaurinki ya koma kamar sillen kara. Tun daga ranar rabona da barcin kirki.

Ba raina ciwonki nake yi ba. Ina zaune likita ya juya bayan takarda ya zana mana tumbi, ya ce akwai jijiyar da ta taso daga ƙwaƙwalwa, ita ke sa shi ya markaɗa abinci ya tura wa hanji, kuma shekarun da kika yi da suga sun taɓa ta. Ba toshewa ba ce, nawa ce. Sunan ya yi min tsawo, gastiroparesis, ni dai na riƙe shi da nawar tumbi. Ban manta gwajin nan da aka ba ki ƙwai kika ci aka duba tumbinki ba: mai lafiya bayan awa 4 abin da ke rage masa a tumbi bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, naki kuwa kusan rabi na nan jibge. Ranar na gane dalilin da za ki ci tuwo da dare ki amayar da shi da asuba kamar yanzu kika haɗiye.

Na san har yanzu kina riƙe da ni a kan tuwon nan. E, na tsare ki da kwano, na ce tsirfa ce. Na ɗura miki jiƙe-jiƙe lokacin da Gwaggo ta kafe cewa jifa ne, bayan abin da ya faru a bikin Hadiza. To wace uwa ce za ta ga 'yarta na zubewa ta naɗe hannu? Da abin da na sani na yi. Da aka sanar da ni kuma, wa ya koma tace miki koko sau biyu? Wa ya daina dafa fate a gidan nan har wata huɗu, don kada ƙamshin rama ya tayar miki da kwaɗayi? Bazazzagiya ta bar fate ai kin san ta yi sadaukarwa.

Ba amai ne ke firgita ni ba, Ummi. Kwanciyar nan ce. Na taɓa ganinta. Mahaifinku mutum ne da ke hawa keke daga nan har Samaru ya dawo, ya ci tuwo ya fita masallaci. Da gyambon ƙafar nan ya zo, ya ce bari ya ɗan huta mako biyu a ɗakin zaure. Mako biyun nan bai ƙare ba. A wata na shida sai mun kama shi mu biyu kafin ya tashi daga tabarma. Ajali na Allah ne, ban yi musu ba, amma da idona na ga katifa tana shanye naman mutum. Ke kuma da cinki bai taka kara ya karya ba, jiki in bai samu abinci ba kuma ba a motsa shi, har naman cinya da na dantse yake ci. Da Hadiza ta ce sillen kara, ba ke na gani ba, ɗakin zaure na gani. Ba zan iya ganin haka sau biyu ba.

Kuma abin haushi, kin fi ni sanin abin da aka ce. Ke ce mai digiri. An ce bayan cin abinci kada ki kwanta sai awa biyu ta wuce, ki zauna a miƙe ko ki ɗan taka, don abin ya samu ya gangara. Ke kuwa kin mayar da katifa faranti. Yarinyar da ta riga samari kai wa saman Dutsen Kufena, wadda sai na sa bulala kafin ta dawo daga kallon Hawan Daushe, yau ita ce matakala goma sha biyu ta gagara? Walid yana kallo. Shekararsa huɗu, ya fara ɗauka haka ake uwa.

Ba gudu na ce ki yi ba, ko tsalle-tsallen nan da kuke kallo a waya. Motsi mai tsanani ma ƙara wa tumbi nawa yake yi. Taku kawai, a hankali, minti goma bayan kowane ɗan ci. Tunda sau biyar ko shida kike ci kaɗan-kaɗan, ki lissafa ki gani, kin kusa awa guda ba ki sani ba. Ba ku da tsakar gida, na sani, amma akwai baranda, akwai harabar ƙasa bayan la'asar in rana ta yi sanyi. Ki tashi daga kujera ki zauna sau goma ba tare da dafa komai ba. Ki riƙa yin salla tukuna sannan ki ci, don ruku'u da sujada a kan cikakken tumbi su ke dawo miki da shi wuya. In kin yi haka ina jin za ki koma yinta a tsaye.

Sai dai ki auna suga kafin ki fita. Allurar insulin ba ta jiran tumbinki, tana iya fara aiki abinci bai iso ba, taku kuma ya ƙara saukar da shi. In ya yi ƙasa da 70, ko kika ji rawar jiki da gumi, ki zauna ki sha ruwan sukari, ya fi dabino saurin wucewa. Ki riƙa tafiya da ruwan sukarin a gora. Kada ki sauka ke kaɗai ba wanda ya sani. Ranar da amai ya tashi kuwa, wannan ranar hutu ce, ban ce komai ba: ki kurɓi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, in ya ƙi zama a tafi asibiti, kada a jira gari ya waye. Ki kuma faɗa wa likitanki kin fara takawa, ko zai gyara miki allurar.

Na yi faɗa da yawa, ki yi haƙuri. Na san akwai safiyar da ɗaga kai ma aiki ne, kuma ni ban taɓa kwana da dutse a ciki ba. Kullum kina cikin sujadata.

Ran Asabar in Allah ya kai mu zan shiga motar safe a Kwangila. Na saya miki takalmi mai taushi a Sabon Gari, lamba 38, in ƙafar ba ta rame ba. Gwiwata ma ta matsa min, sai mu riƙa jan juna. Kafin nan, gobe bayan la'asar ki kira ni kina tafe, ina so in ji ƙarar takunki a waya.

Ki gaida maigidan. Ki ce wa Walid alewarsa na nan tafe.

Mahaifiyarki.