Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Sufurin Jiragen Sama: A Bar Matuƙi Ya Jira Hadari Ya Wuce

Mai girma Minista Festus Keyamo,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Damina ta kankama, shi ya sa na ga ya dace in rubuto maka a kan tashin jirage lokacin da hadari ya haɗo.

Ranar Lahadi, 29 ga Oktoba 2006, jirgin kamfanin ADC ƙirar Boeing 737 ya tashi daga Abuja zai je Sakkwato. Bai yi nisa ba ya faɗo a gonakin Tungar Madaki. Cikin mutum 105 da ke ciki, 96 suka rasu, har da Sarkin Musulmi Alhaji Muhammadu Macciɗo da ɗansa Sanata Badamasi, Allah Ya jiƙansu. Masu bincike sun gano cewa an tashi ne alhali an san yanayi ya lalace, kuma da iska ta juya wa jirgin ba a bi matakan kuɓuta yadda ya kamata ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a wannan fili, a wannan lokaci, akwai matuƙin wani jirgin da ya ji rahoton iskar ya ce shi kam zai dakata. Fasinjojinsa sun makara, amma sun kwana a gidajensu.

Mutanenmu da yawa tsawa suke tsoro. Gaskiyar magana, aradu kan faɗa wa jirgin fasinja kusan sau ɗaya a shekara, wutar ta bi ta jikin ƙarfensa ta fita, ya ci gaba da tafiyarsa. Abin da ke kisa iska ce. A cikin baƙin hadari, iska mai sanyi kan rikito ƙasa da ƙarfi, ta daki ƙasa ta watsu ko'ina, kamar an juye bokitin ruwa a kan siminti. Jirgin da ya ɗaga yanzu-yanzu sai ya fara cin karo da ita ta gaba, ya ji kamar ya sami ƙarin ƙarfi. Kafin ƙiftawar ido ta danne shi daga sama, sannan ta koma bayansa, iskar da ke riƙe da fukafukansa ta ragu. Yana kusa da ƙasa, cike da mai da kaya da mutane, ba shi da sararin da zai farfaɗo. Kuma wannan iska ba ta daɗewa, sau da yawa kwata ɗin awa ma ba ta kaiwa. Duk wanda ya zauna a Kano ko Sakkwato ya san hadarin gabas: gari ya yi ja, ƙura ta turnuƙe, kwanon rufi ya yi ta ƙara, ruwa ya kece, jim kaɗan sama ta washe. Wannan ɗan lokacin kaɗai ake roƙon jirgi ya jira.

Ba mu kaɗai muka sha wannan ɗaci ba. A 1985 irin wannan iska ta kayar da jirgin kamfanin Delta a Dallas ta Amurka, daga nan hukumomin ƙasar suka tilasta sanya na'urar gano juyin iska a jirage, suka kafa na'urorin hango hadari a manyan filayensu. Mu kuwa, kafin na Abuja, mun riga mun rasa mutum 108 a Fatakwal ranar 10 ga Disamba 2005, lokacin da jirgin Sosoliso ya zo sauka cikin ruwa da iska, yawancinsu yara 'yan makaranta da ke komawa gida hutu.

Na san hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, ta girka na'urorin lura da juyin iska a filaye da dama, kuma hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, na fitar da gargaɗi duk farkon damina. Madalla. Amma ranka ya daɗe, girkawa daban, aiki daban. Muna roƙon a riƙa bayyana wa jama'a wace na'ura ke aiki a Kano, Kaduna, Sakkwato, Maiduguri da Yola, wacce kuma ta tsaya. Yajin aikin da ma'aikatan NiMet suka yi a Afrilun 2025 ya nuna mana yadda tafiyar jirage ta rataya a wuyan waɗannan bayin Allah. Bai kamata haƙƙinsu ya riƙa kai su ga ajiye aiki ba, balle a bakin damina.

Sai dai babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne matsin da ke kan matuƙi. Kamfani na lissafin asara. Wani babban mutum na zaune a gaba yana duba agogo, yaransa na ta buga waya. A zauren jira kuma fasinjoji sun yi cirko-cirko a kan tebur, ana ta ɗaga murya ga wata ma'aikaciya da ba ta san komai ba. Ban ga laifin fasinja sosai ba, domin an sha fakewa da yanayi a ɓoye masa matsalar kamfani, har ya daina yarda ko da an faɗa masa gaskiya. To matuƙin da ya ce ba zai tashi ba, wa zai tsaya masa?

Kai ne za ka tsaya masa. A sa doka mai haƙori: duk kamfanin da ya tsangwami matuƙi, ko ya rage masa wani abu don ya jira hadari, a hukunta shi a fili. Duk kamfanin da ya yi ƙarya da yanayi, shi ma a hukunta shi, tunda rahoton NiMet na nan a rubuce, awa da minti. Idan an jinkirta tashi, a fito a yi wa mutane bayani, a filayen Arewa a yi shi har da Hausa, domin tsohuwar da za ta Umara ta san dalilin zamanta. A ba su ruwa da abinci da wurin zama kamar yadda dokar kare fasinja ta tanada. Masu jiragen haya na alfarma da ke ɗaukar gwamnoni da attajirai ma kada a ware su, domin a can ne matuƙi ya fi jin nauyin cewa a'a.

Ina fatan za ka umarci NCAA ta fara wannan aiki kafin marka ta sauka.

Na gode,
Wani ɗan ƙasa daga Sakkwato