Saƙonka ya iso, amma a narke

Damagaram, daren Lahadi

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da sanyinku na Beljiyam. Mu nan sai godiya, in ban da zafin da ya kori kowa daga ɗaki, har kwana ya koma tsakar gida. Na san za ka ce me ya hana ni danna maka murya a WhatsApp kamar kullum. To maganar ta fi ƙarfin minti biyu, kai kuma na san halinka, da murya ta wuce haka ba ka sauraronta har ƙarshe.

Kwalin ya iso, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Yaron da ka ba ya kawo shi Yamai lafiya lau, daga can ne aka sa shi a kar, ya sha tafiyar kusan kilomita 900 cikin ɗakin kaya, a tsakiyar watan Afrilu. Kai ma ɗan garin nan ne, ba sai na ƙarasa ba. Da na hau kabu-kabu na je tasha na karɓo, sai na ji kwalin da ɗumi kamar yanzu aka sauke shi daga murhu. Muna buɗewa muka tarar da sandunan shokolar nan huɗu sun koma kunu cikin takardunsu. Man koko tun wajen digiri 34 yake fara narkewa, ƙasa da zafin jikin mutum, shi ya sa da ka sa a baki yake narke maka a kan harshe. Mu kuwa da azahar sai mu haura 40 ko a inuwa. Ka ga kenan tun kafin Doso aikin gama ya gama.

Muka sa su a firijo, aka yi sa'a daren nan wuta ta zauna. Da safe sun daskare, sai dai wani fari-fari ya rufe su kamar ƙurar hunturu a kan gilashin mota. Maman yara tana gani ta ce fumfuna ce, a zubar. Da ƙyar na ƙwace. Man ne ya taso sama ya sake daskarewa yadda ya ga dama, ba ya cutarwa, sai dai abin ya rasa santsinsa, ya koma gari-gari a baki. Ni na fara ci a gabanta, ta ba ni awa guda tana leƙen fuskata, sannan ta yarda.

Amma kafin kowa ya taɓa, sai da na sa tabarau na karanta bayan kowace takarda, layi bayan layi. Wannan ya zame mini jiki tun da likita ya tabbatar mana da matsalar Auta. A saƙonka ka rubuta cewa ai irin ciwona ne ta gada, to ba haka ba ne, bari in warware maka. Ni nawa sukarin da ke cikin madara ne cikina ba ya iya narkarwa. In na sha ɗanyar madara sai kumburi da ƙugin ciki, amma nono mai tsami ko kindirmo ina sha daidai gwargwado, don tsamin ya riga ya cinye wani kaso na sukarin. Ita kuwa jikinta ne ke faɗa da sinadarin gina jiki da ke cikin madarar. Cokali guda ya isa ya fito mata da borin jini, leɓe ya kumbura, amai ya biyo baya. Tsami ba ya kashe wannan. Na akuya ma likita ya hana, ya ce kusan jirgi ɗaya ya ɗauko su. Ka yi tunanin yarinya 'yar shekara bakwai a garin da fura da nono ce abincin rana, Bafillatana na sallama a ƙofa kowace hantsi, ana kawo tsarabar cuku daga arewa, ita ko sai kallo.

Abin da ya fara tsayar da ni a takardar shi ne "beurre de cacao". Ina ganin beurre gabana ya faɗi, na ce to ga man shanu nan ƙiri-ƙiri. Ashe suna ne kawai, mai ne da ake matsewa daga ƙwayar koko kamar yadda matanmu ke matse man gyaɗa wajen ƙuli-ƙuli, babu ruwansa da saniya. Waɗanda ake tsoro su ne masu ɓoyayyen suna, irin su "lactosérum" da "caséine". Su babu ko ɗaya a kayanka. Sai dai ga inda gizo ke saƙa: biyu daga cikin sandunan, da kuma biskit ɗin, a can ƙasa da ƙananan baƙaƙe an rubuta "peut contenir des traces de lait". Wato ba a zuba madara ba, amma a masana'anta ɗaya ake yi da mai madara, ana iya samun ɓurɓushi. Tambarin vegan ɗin da ka dogara da shi, na kayan da babu abin dabba a ciki, alkawarin abin da aka zuba da gangan yake yi, bai yi alkawarin ɓurɓushi ba. Ga wanda ya bar madara don ra'ayi wannan ba komai ba ne, ga Auta kuwa likita ya ce kada mu yi caca. Na raba kayan gida biyu, nata da namu. Kada ka ce na yi murna da rabon da ya faɗo mini. Na yi, amma kaɗan.

Mai koko kashi 85 cikin ɗari ɗin nan Inna na fara miƙa wa. Ta gutsura, ta yi shiru, ta tauna, ta ce, "Wannan ai goro ne da bai san kansa ba." Dariya muka yi, amma tsohuwar ba ta yi kuskure sosai ba. Bishiyar koko da ta goro dangi ɗaya ne a wajen masana tsirrai, kuma abin da ke wartsake mai cin goro akwai irinsa a koko. Asalin koko daga Kudancin Amurka ne, amma yau wajen rabin wanda duniya ke ci daga Kodebuwa da Gana yake fitowa, dazuzzukan da fataken Hausa suka yi ta nufa ta Gwanja neman goro. Abin da ya tsaya mini a rai kenan daren nan. Ƙwayar nan a maƙwabtanmu aka noma ta, ta hau jirgin ruwa ta je Turai, aka naɗe ta cikin takarda mai ƙyalli, kai ka saya, ta hau jirgin sama ta dawo ta narke a hanyar Maraɗi. Ka manta ba ka ɓamɓare farashi a jikin guda ba, na ga yuro 3. A lissafin sefa 656 kowane yuro, kusan jaka biyu kenan. Ban gaya wa maman yara ba.

Daga nan Inna ta ɗaure kanta da sandar, kullum bayan la'asar sai ta aiko a ba ta "goron Turawa". Inda muka yi rigima da ita shi ne da na yi mata bayanin masu wannan tambari. Na ce mutane ne da ba sa cin nama, ba sa shan madara, ba sa cin ƙwai, kuma ba ciwo ne ya hana su ba, tausayin dabba ne ko kishin muhalli. Na ce mata wani Bature ne a Ingila, Donald Watson, shi da abokansa suka raɗa wa abin suna a 1944. Duk wannan ta saurara. Da na ce har zuma ba sa sha sai ta ajiye carbi. "Zuma? Wadda Allah ya ce waraka ce?" Ta juya ta ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, ba ta ƙara tankawa ba. Ni dai ban ga abin zagi ba. Ba zan bi su ba, ka san ni da kilishi, amma da ba don yawansu ya sa 'yan kasuwa sun buɗe ido ba, wa zai zauna ya yi wa irin su Auta shokola? Akwai kuma wata riba da ban zata ba. Alewar nan mai danƙo da ka haɗo, da pektin aka yi ta, abin da ake cirowa daga ɓawon lemu da tuffa, ba da jelatin ba, wanda a Turai galibi daga fatar alade yake. Hankali kwance na raba wa yara. Amma ka riƙa dubawa, rashin dabba a ciki bai hana a ɗiga giya a wasu ba.

Cikin rabon Auta, wadda ta ci gasa ita ce sandar da aka yi da hatsin nan avoine, na Quaker. Launinta da zaƙinta kamar mai madara sak, sai wani ɗan ƙamshin kunu da ke biyowa a baya. Mai kashi 70 kuwa tana lasa ta yamutsa fuska ta miƙo mini, ta ce magani ne. Ƙananan kofunan nan huɗu na waken suya su kaɗai ne zafi bai yi wa komai ba, tunda ba sa neman firijo sai an buɗe. Na shokolar ya yi daɗi da sanyi. Na vanilar ni dai ƙamshin wake na ji a ƙarƙashi, kamar an zuba wa ruwan awara turare. Maman yara ta sa cokali sau ɗaya ta ce, "Yanzu wannan aka ɗauko tun daga Turai?" Ta ce in dai waken suya ne, ga mai awara nan a bakin layi.

Nan ne muka yi gardamar da ta fi kowace tsawo, kuma har yanzu ban ce ta ƙare ba. Ita hujjarta ita ce kayan zaƙinmu tun fil azal babu madara a yawancinsu. Dakuwa aya ce da gyaɗa ko gero. Kantu riɗi ne da sukari. Ga alewar gyaɗa, ga garin ɗorawa, ga goruba da magarya, ga raken Matamaye lokacinsa, ga kunun aya da dabino da kwakwa wanda ko mai madara ba ya kama ƙafarsa. Ayar ma da ake nomawa a yankin Maraɗi har Sifen ake kai ta, su ma can kunu suke yi da ita. In ban da tuwon madara da abin da aka soya da man shanu, Auta ba ta rasa komai ba. Gaskiyarta, ban musa ba.

Amma ba ta ga abin da na gani ba ranar Talata. Ni na kai Auta lakwal. Ta roƙi a sa mata gutsure biyu a jaka, kuma ta kafe sai dai a cikin takardarsu ta asali, ba a leda ba. Ka san butik ɗin bakin lakwal, inda yara ke rububin biskit mai kirim da ƙananan shokola da yawur. Shekara biyu kenan tana wucewa ta gabansa da dakuwarta a ƙulle. Ran nan ina kan babur ban riga na juya ba, na hango ta ta tsaya a tsakiyar ƙawayenta, ta fito da takardar a hankali, tana buɗewa tana sa ta ƙara don kowa ya ji. Ta gutsura wa biyu daga ciki. Shokolar ma ta riga ta yi laushi, duk ta shafe yatsu. Da ta dawo gida takardar na nan cikin littafinta, ta goge ta ta miƙar, har yau tana can. Da na ba uwarta labari ba ta ce komai ba, ta tashi ta shiga madafa.

Washegari sai ga ta da nata gwaji. Ta ɗauki ragowar mai kashi 70, wadda Auta ta ƙi, ta ce za ta narkar ta tsoma dakuwa a ciki. Ta ɗora kwano a kan tukunyar ruwan zafi, abu ya narke sumul, sai ta ga ya yi kauri ta ɗiga ruwa kaɗan don ya saki. Nan take ya dunƙule ya zama kamar tunkuza. Narkakkiyar shokola ba ta shiri da ɗigon ruwa. Ba ta zubar ba, ka san ta. Ta dama dunƙulen cikin kunun aya mai ɗumi, ta ƙara dabino, ta ƙulla a leda ta sa a ƙanƙara. Aminina, wannan shi ne abin da ya fi komai daɗi cikin kwalinka, kuma ba kai ka aiko shi ba. Yaran maƙwabta sun yi layi. Yanzu har tana maganar ko za ta riƙa yi na sayarwa, ni kuma ina tuna mata kuɗin koko, wanda a 2024 ya haura dalar Amurka 10,000 kowane tan a kasuwar duniya. Ta ce ai ba tan za ta saya ba.

Don haka ga roƙona, tunda kai ka jawo wa kanka. In za ka sake aikowa, ka sa garin koko zalla, marar sukari, shi zafi ba ya narkar da shi. A butik ɗinmu abin da aka fi samu shi ne garin shayi irin na gwangwani, galibi kuma da madara a haɗe. Ka juya gwangwanin ka duba ƙananan baƙaƙen nan kafin ka biya, in ka ga "traces de lait" ka ajiye. Sanduna kuwa ka bari sai Disamba ko Janairu, lokacin da muke hura wuta da safe, sannan za su iso da siffarsu. Mai avoine ɗin nan guda biyu ta isa, amma lallai da takardarta mai ƙyalli. Kofunan vanila ka huta. Ita Inna ta ce a gaya maka goronta ya kusa ƙarewa, saura layi ɗaya, ta ɓoye shi a gindin randa cikin gwangwanin tumatir don kada jikoki su gani.

Na bi ta gidanku a Birni ranar Alhamis da na dawo daga kasuwar Dole. Baba na nan lafiya, ƙafar ce dai ke taɓa shi in ya daɗe a zaune. Ya ce ka kira shi bayan Juma'a, maganar rufin ɗakin baya ce kafin damina ta faɗi. Ka gaida madam da yara. Auta ta zana maka wani abu da ta ce kai ne riƙe da kwali, zan ɗauki hotonsa in turo gobe in an samu rezo.

Naka har kullum,
amininka na Zango