Godiya ga mai shagon rediyo na Babbar Kasuwar Katsina

Zuwa ga Alhaji mai shagon rediyo da kayan sola, layin masu kayan lantarki, Babbar Kasuwa, Katsina.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, iyali lafiya, yaran shago lafiya, kasuwa kuma tana albarka. Ni ne sakataren 'yar ƙungiyar manoman nan ta gefen madatsar ruwan Ajiwa, kuma da yawun 'yan'uwana nake wannan rubutu. Ka ce kada a kama sunanka, mun bi umarni, amma duk wanda ya saba shiga layin ya san wanda ake nufi. Mun ga ya dace a yi godiyar a bainar jama'a, domin da cutar mu ka yi, ai da duk garin ya ji. Yabon gwani kuwa ya zama dole.

Alhaji, abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne rediyon da ka hana mu saya.

Bayan an sayar da tumatir da albasa, ƙungiya ta ware wani abu don a samo wa mambobi rediyon da ba ya cin kuɗin batir, wanda ake wanawa da hannu ko a ajiye shi a rana ya ɗauki caji. Wani yaronmu ya ga tallar wani iri a Facebook, wai rediyon yanayi ne, ko yana kashe zai farka da kansa ya yi kururuwa idan guguwa ko ambaliya ta taso. Da wannan magana muka shigo shagonka, kuma ga shi nan a kan kanta, ja da baƙi, ya fi sauran tsada nesa ba kusa ba. Wani ɗan kasuwar da sai ya ce mun iya zaɓe, ya ƙirga kuɗinsa, mu kama hanya. Kai kuwa ka sauko da shi, ka murza shi zuwa wurin da aka rubuta WB, wato zangon yanayi, ka miƙa wa shugabanmu ka ce, "Malam, saurara." Ba abin da ke fita sai shuuu. Ka ce ko shekara za mu yi muna saurare, abin da za mu ji ke nan.

Daga nan ka warware mana zancen. A Amurka akwai hukumar gwamnati mai suna NOAA, tana da tashoshin da ba su da wani aiki dare da rana sai karanta yanayi, a kan mitoci 7 tsakanin megahaz 162.400 da 162.550. Idan bala'i ya tunkaro wani yanki, tashar kan aika da wani sauti na musamman, shi ne yake tada rediyon da ke jiransa. Rediyon ba shi da hancin shinshino hadari, saƙo kawai yake jira. Mu kuwa nan ba mu da mai aiko da wannan saƙo, saboda haka kuɗin da za mu ƙara don wannan maɓalli asara ce tsagwaronta. Ka nuna mana mai sauƙin kuɗi wanda ke kama FM da matsakaicin zango da gajeren zango, ka ce wannan ne namu. Da rarar da ta rage muka ƙara guda biyu, muka ba zawarawa biyu da ke noma tare da mu.

Wataƙila wani ɗan birni ya ce, a zamanin wayar hannu wa ke ta rediyo? Wanda ya zauna a jihar nan ba zai yi wannan tambaya ba. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 saboda 'yan bindiga, cikinsu har da Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari da Funtuwa, aka shafe watanni a haka. Wayoyi masu tsada suka koma tocila da agogo. Danginmu na can, duk abin da suka sani game da duniya, har da labarin ƙauyen da ke maƙwabtaka da su, ta rediyo suka ji shi. Sai kuma Oktoban 2024, lokacin da mafi yawan Arewa ta yi kwana da kwanaki babu wutar lantarki, masu cajin waya da janareta suka tsauwala kuɗi, layi har bakin titi. Ga kuma ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, wadda ta zo cikin dare ta ci rayuka fiye da 40, Allah ya jiƙansu. Ba na cewa rediyo zai tare ruwa, kuma ba na cewa da akwai shi da ba a rasa kowa ba. Amma washegarin irin wannan dare, mutum na bukatar sanin wace gada ce ta karye, ina aka tsugunar da jama'a, kuma ana sa ran wani ruwan ko a'a. A lokacin kuwa ba wuta, ba shagon batir a buɗe.

Godiya ta musamman ga babban yaron shagon, mai gyara, wanda ke zama a lungu da dalma da sukudireba. Bai bar mu mun tafi ba sai da ya kwance bayan guda ɗaya a gabanmu. Ya nuna mana ɗan dainamon da ke ciki, irin wanda a da yake goga tayar keke ya kunna fitila, da ƙananan haƙoran roba da ke juya shi, da batirin nan mai lamba 18650 wanda ake iya cirewa a sa wani idan ya mutu. Ya ce duk rediyon da aka liƙe batirinsa ba a iya canzawa, ranar da batirin ya gaji rediyon ya gama yawo. Ya kama hannun wani dattijonmu ya koya masa wanawa: a hankali, bai ɗaya, ba fizga, domin haƙoran roba ne, wanda ya nuna musu ƙarfi zai ji ƙaras, shi ke nan. Sannan ya fitar da shi bakin ƙofa, wata 'yar jar fitila ta kama, ya rufe farantin solar da tafin hannu ta mutu, ya ɗauke ta dawo. Ya ce kowa ya yi wannan gwaji kafin ya biya kuɗi, ko a ina ne. Ashe da dalili. Wani maƙwabcinmu ya sayi nasa wurin masu yawon talla a tasha, da ya ƙi ɗaukar caji ya kawo wa yaron nan, aka buɗe, sai ga farantin ba ko waya ɗaya da ta haɗa shi da cikin rediyon. Ado ne kawai aka manna.

Bai kuma yi mana zuƙi-ta-malle a kan abin da na'urar za ta iya ba. Wanawa ta ɗan lokaci tana ba da 'yan mintoci na saurare ko hasken tocila, wannan gaskiya ne. Amma wanda ya ce zai cika waya da wanawa, kafaɗarsa za ta riga wayar cika. Iyakarta ta farfaɗo da matacciyar waya a yi gajeren kira. Farantin solar shi ma ƙarami ne, aikinsa ya riƙa ɗan ƙara wa batir, ba ya cika shi daga tushe cikin sa'a ɗaya ko biyu ba. Shawararsa ita ce duk ranar da aka samu wuta ko aka je wurin mai babbar sola, a cika shi ta waya, a bar wanawa don ranar tsanani. Ya kuma ja mana kunne a kan zafi. Mu da muke ganin rana kyauta ce, da a kan kwanon rufi za mu riƙa shanya shi tun hantsi har la'asar. Ya ce a bazarar Katsina, da zafi kan haura digiri 40, wannan shi ne hanya mafi sauri ta kashe batir, har ya kumbura. Ranar safe ta isa, ko a ajiye shi a bakin taga. Da hunturu kuma a riƙa share ƙurar da ke kwanciya a kan farantin da busasshen ƙyalle.

Wani abin da ban sani ba sai a shagonka shi ne asalin wannan fasaha don mu aka yi ta. Wani Bature ɗan Ingila, Trevor Baylis, ya ƙirƙiro rediyon da ake wanawa a 1991, bayan ya ga wani shirin talabijin a kan yaɗuwar cutar ƙanjamau a Afirka, inda aka nuna cewa wayar da kai ta rediyo na da wuya saboda tsadar batir da rashin wuta. A Afirka ta Kudu aka fara ƙera shi da yawa. Yau ga shi ya dawo mana a kwali mai hoton Turawa a cikin tanti a bakin tafki, da maɓallin da ba ya aiki sai a Amurka da maƙwabtanta. Duniya ke nan.

Yanzu damina guda da rani guda ke nan muna amfani da su, kuma sun shiga jikinmu. Masu kwana a lambu don gadin injin ban-ruwa sun daina sayen batirin tocila. Wani Bafulatani da ke kiwo kusa da mu ya ga namu, ya aiko a sayo masa, yanzu a kafaɗa yake rataye shi tare da gora. Da safe a kama Rediyon Jihar Katsina ko Companion FM, da dare a zaro eriya a nemi gajeren zango. Dama jama'armu ba baƙin saurare ba ne, tun 1957 BBC ke magana da Hausa, kakanninmu da rediyo a kunne suka tsufa. Abin da ya canja shi ne yanzu ba mai kashewa a tsakiyar labarai don tattalin batir.

Dattawanmu ma sun gano wata dabara da ba ta cikin takardar kwali. Idan aka bar rediyon a matsakaicin zango da damina, sai a riƙa jin ƙarar ƙas-ƙas tana katse magana tun sararin sama yana fes. Walƙiya ce daga nesa ke shiga zangon. Idan ƙarar ta yi yawa tana matsowa, mata sai su fara kwashe shanya, masu aiki a fili su nufi gida. Da muka gaya wa yaronka ya ce haka ne, ya ƙara da cewa idan tsawa ta iso a naɗe eriya, kada a tsaya da ita a miƙe a tsakiyar gona ko ƙarƙashin bishiya.

Inda gizo ke saƙar shi ne samun hasashen kansa, kuma wannan ba laifinka ba ne. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara: yaushe ruwa zai sauka, yaushe zai ɗauke, a ina ake fargabar fari a tsakiyar damina. Hukumar NIHSA ita ma tana fitar da jerin wuraren da ake tsoron ambaliya. Manomin da ya ji wannan a kan kari zai san ko ya yi shuka da ruwan farko ko ya dakata, ya kuma san irin da zai nema. Amma sau da yawa labarin kan wuce sau ɗaya a tsakiyar labaran siyasa, wanda ya tafi alwala ya rasa. Tunda wasiƙar nan jama'a za su karanta, muna roƙon gidajen rediyonmu su tsayar da lokaci guda sananne a kowace rana, da Hausa, ko da minti biyar ne, a faɗi yanayin gobe shiyya-shiyya, Daura daban, Funtuwa daban, don ba ruwa ɗaya ake yi musu ba. Tunda ba mu da tashar da za ta tada rediyo da kanta, ai ma'aikatan gidan rediyo su ne namu.

Kai ma Alhaji muna da 'yan koke, ka yi haƙuri, wanda aka ba hannu shi ke neman kafaɗa. Hannun wanawar nan roba ne, biyu sun riga sun karye a hannun yara. Yaronka ya yi dabara ya ɗaure guda da ƙusa, ya kuma ƙi karɓar ko sisi, amma da za ka riƙa haɗo kayan gyara idan ka je sari Kano, hannu da haƙora da batir, da an huta. Na biyu, bayanin nan da kuke yi da baki ya cancanci a rubuta shi da Hausa a 'yar takarda, da boko da ajami, a saka cikin kowane kwali, saboda ba kowa ke zuwa da kansa ba, da yawa aike suke yi. Na uku, mutanen ƙauye na tambaya ko za ka riƙa tura yaro da kaya ranar kasuwar Caranci ko Mai'aduwa, don kuɗin motar shigowa birni kan ci rabin abin da mutum ya tara.

Ba mu manta da lamunin da ka yi wa mambobinmu uku ba, waɗanda kuɗinsu bai cika ba ka ce su tafi da kaya sai kaka ta yi, ba takarda ba shaida. Ma'ajinmu zai shigo da cikon ranar Litinin in Allah ya kai mu, tare da ɗan buhun albasa na yaran shago, kuma don Allah kada a dawo mana da shi. Zai zo da rediyo guda da ya daina kama gajeren zango, a duba mana.

Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a dukiya da zuriya, ya tsare shagon daga gobara da ɓarayi. A gaida Hajiya da yara.

Wassalam.

Naka,
Sakatare, a madadin manoman gefen madatsar Ajiwa,
Ƙaramar Hukumar Batagarawa, Jihar Katsina.