Bajamushe ba ya bin gwamnati ido rufe

Assalamu alaikum Edita,

Na saurari shirinku da aka kwatanta Jamusawa da Amurkawa kan yadda kowa ke ɗaukar gwamnati, kuma gaskiya ban yarda da baƙon da ya ce wai Jamusawa "to" kawai suka iya, Amurkawa ne masu 'yanci ba.

Eh, takarda kam akwai ta a Jamus, mu da muke zaune nan mun sani. Ka sauya gida dole cikin kwana 14 ka je ka yi rajistar sabon adireshi, riƙe da takardar da mai gidan haya ya sa wa hannu, ka zauna a benci kana kallon allo har lambarka ta fito, in ka manta takarda ɗaya tak sai dai ka koma gida ka sake neman wata rana. Jamusawan su ma suna tsaki fa sosai, amma suna bi don sun ga abin da ake samu, tun 1883 zamanin shugaban gwamnati Bismarck aka fara inshorar lafiyar ma'aikata a ƙasar nan.

To amma a 1983 da gwamnatin Jamus ta Yamma ta shirya ƙidayar jama'a ai ca mutane suka yi, suka ce ba za a kwashi sirrinsu haka kawai ba, aka je kotun tsarin mulki a Karlsruhe ta dakatar da abin, sai 1987 aka yi. Ba su manta yadda 'yan Nazi suka bi rajista suna zaƙulo Yahudawa ba.

Amurka kuwa asalinta ma rigimar haraji ce da Ingila, shi ya sa har yau ba su da katin ɗan ƙasa na dole, lasisin tuƙi suke nunawa, kuma Shugaban Amurka Reagan ya tsaya a 1981 ya ce gwamnati ita ce matsalar. Na fahimci tsoronsu wallahi, sai dai wa ke shan wahalar? Daga Disamban 2018 zuwa Janairun 2019 kwana 35 aka rufe wani sashe na gwamnati saboda rikicin kasafin kuɗi, ma'aikata kusan 800,000 ba albashi, ga kuɗin haya ga 'ya'ya, wasu har layin karɓar abincin agaji suka bi.

Don Allah in za ku sake shirin ku gayyato ɗaya daga cikin waɗannan ma'aikatan mu ji ta bakinsa.

Naku mai sauraro,
daga Jamus